Kaftin Kailu da Jirgin Tudun Muna

Ko na dafa Alƙur'ani, ko na rantse muku da aradu irin rantsuwar kakanninmu na Kurfai, na san ba za ku yarda ba. To ku zauna da rashin yardarku. Mai musu ya hau mota ya je Filinge, ya tambayi hanyar Tudun Muna, ya ce a nuna masa inda aka taɓa kafa jirgin fito a ƙasar da yaro ke yin gemu bai ga kifi mai rai ba.

Shekarar da ruwa ya dawo ce, bayan babban fari. Shekara bakwai tabkin Muna yana bushe, har an yi hanyar jakai ta tsakiyarsa. Ran nan hadari ya taso daga gabas ya yi ta zuba kamar da gayya. Da mutanen Garin Sule suka fito da safe, sai ga jan ruwa ya zagaye Tudun Muna kaf. Gidaje goma sha biyu da rumbunansu da gonakinsu sun koma tsibiri, kamar yadda suke yi kowace damina a zamanin da.

An yi guɗa, an yi hamdala, sannan aka tuna da Magagi.

Tsoho Magagi shi ne mai unguwar Tudun Muna. Tun shekaranjiya ya tafi Filinge karɓo irin gero da gwamnati ta raba, don mutanensa sun cinye nasu irin tun bara. Motar kaya ta sauke shi a Garin Sule da buhu uku. Ga iri a wannan gaɓa, ga gonaki a waccan. Ƙasar tudu kuwa rairayi ce, in ta kwana uku ba a shuka ba ta bushe, sai a jira wani ruwan, wanda a shekarun nan ko mahaukaci ba ya rantsuwa zai zo.

Za ku ce to ya naɗe wando ya shiga mana. Ba a yi. Tabkin Muna yana da masu shi, kuma Tambara, tsohuwar 'yar borin da ke kula da su, ta riga ta kafa sandarta a bakin ruwa. Dokar tun kaka da kakanni ce: sabon ruwa, ba mai ƙafa biyu ko mai ƙafa huɗu da zai taka shi sai ya kwana bakwai an yi masa yanka. Liman ma da ba ya ga maciji da Tambara, in aka zo wannan magana sai ya dubi sama ya ja carbi. A da gidan Ɗangoma kaɗai ke da izini, shi ke fito da mutane a kan manyan goruna, amma yunwa ta kore shi Sakkwato da iyalinsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Magagi ya ce, "Tambara, kwana bakwai? Ƙasa za ta bushe hwa."

Ta ce, "Ba ni na aje dokar ba. Shekara bakwai suna jin ƙishirwa, ka bari su sha."

Ana cikin haka aka ji usur. Mutane suka dare, sai ga Kailu, farar hula mai baki a ka, usur a wuya, hannu ɗaya a aljihu.

Kailu ya yi shekara huɗu a Yamai. Ya dawo gida bayan an gina gada, da labarin cewa shi ne kaftin na bak, wato babban jirgin da ke fito da motoci da raƙuma a kogin Isa, kuma an gina gadar ne don manya sun ga sunansa ya fara fin nasu. Ni kuwa da na san kan zancen, aikinsa a bak ɗin share kashin jakai ne. Amma ya ga ruwa da idonsa, wannan kam ba mai ƙwace masa.

Ya tsaya gaban sandar ya ce, "Inna Tambara, ƙahwa kinka ce?"

"Ƙahwa."

"To in mutum ya ƙetare, ƙahwatai ba ta taɓa ruwa ba hwa?"

"In ka iya tashi awa shamuwa, tashi."

Kailu ya juya ga jama'a, ya tura hula gaba. "Ku shaida! Gobe da hantsi iri na Tudun Muna. Ni da na ƙetarar da kumandan da motatai ranar da kogi ke cin gidaje, shina kuka ina ba shi haƙuri, wanga ɗan ruwan alwala zai tsaida ni? Baba Magagi, ka kwana da murna."

Magagi ya dube shi, ya dubi buhunansa, ya dubi rana. Ba shi da wani Kailun, sai ya ce, "Allah shi sa."

Da farko aka mirgino gangunan mai guda huɗu da masu haƙar rijiya suka bari. Sai abin da za a ɗora a kai. Kailu ya nemi ƙofar masallaci, liman ya tambaye shi ko ya gaji da zaman garin ne. Ya nemi ƙofar zauren maigari, aka saki kare. Can sai ya tuna da wani abu a ɗakinsa.

Haske, matar Kailu, tana dawowa daga rijiya da tulu a ka ta ci karo da gadonta na ƙarfe, mai dogayen ƙafafu, yana tafe a kan maza huɗu.

Ta ce, "Gadona ina za shi?"

Kailu ya ce, "Aikin gwamnati."

"Gadon da ubana ya saida maraƙi ya sawo min a Ƙwanni?"

"Ke ba ki da hangen nesa. Sunanki za a sa ma jirgin. Har Yamai sai an ji."

"Kai da wanka ma sai ranar kasuwa, kai za ka shiga tabki?"

"Ku wuce da shi," in ji Kailu, ya busa usur don kada a ji sauran.

Saura ɗauri. Abu ɗaya da fari ya bar wa ƙasar nan da yawa shi ne fatun shanu, kowane gida da tarinsa. Aka jiƙa su, aka yanka tsiri-tsiri, aka ɗaure ganga ɗaya a kowace kusurwar gado, aka bar wa rana. Haka ake ɗaure komai a Kurfai, daga sirdin raƙumi har ƙotar gatari. Kafin la'asar fatar ta bushe ta kama kamar maƙeri ya yi. Kailu ya hau ya yi tsalle uku, ko motsi.

Ango maharbi, mutum marar yawan magana, ya tsuguna yana latsa ɗaurin da ɗan yatsa. Ya ce, "Kaftin, ba da ruwa munka tausasa ta ba?"

"Da shi."

"To in ta koma ruwa hwa?"

Kailu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ku ji ɗan daji! Hwata sau guda taka laushi, Ango. In ta bushe ta bushe. Haka muke yi Yamai. Kai dai je ka ɗauko bakanka."

Dabarar ita ce a miƙa igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, a riƙa jan jirgi a jikinta. Tun da ba mai taka ruwa, sai a ɗaura zare a kibiya a harba. Kailu ya haɗa tafin hannu a baki ya yi wa mutanen tsibiri kira su kauce. Suka taru a bakin ruwa don su ji abin da yake cewa.

Kibiya ta farko ta faɗa ruwa. Kowa ya juya ya dubi Tambara.

Ta ce, "Kibiya ba ta da ƙahwa."

Ta biyu Kailu ya ce Ango bai san lissafin iska ba, ya kama masa gwiwar hannu ya ɗaga. Kibiyar ta tashi, ta wuce kan mutane, ta sauka bayan wani rumbu. Aka ji ƙara ɗaya, aka ga gashi ya tashi. Jim kaɗan sai ga Tabawa, matar Magagi, ta fito riƙe da zakara ta ƙafa.

Ta ƙwala murya daga can, "Wane la'ananne ne? Zakaran da munka hana kanmu ci shekara biyu! Shi kaɗai ya rage garin ga!"

Kailu ya amsa, "Inna, ja zaren!"

"Zaren uwar wa?"

Magagi ya ce, "Ke, ja zaren, a yi miya da zakaran."

Ango ya yi gyaran murya ya ce, "Kibiyar da dahi."

Abin da Tabawa ta faɗa daga nan, ruwa ya kawo shi tas, amma ba zan rubuta ba. Duk da haka ta ja zaren, zare ya ja siririyar igiya, siririya ta ja igiyoyin guga na Garin Sule gaba ɗaya, an ƙulla su baki da baki. Aka ɗaure nan a gawo, can a aduwa. Ranar ba gidan da ya ɗebi ruwan yamma, mata suka tsaya da tuluna wayam suna yi wa Kailu addu'o'in da ba a amsawa da amin.

Kafin magariba ya sa aka tura jirgin cikin ruwa da sanduna, aka ɗaure shi a gaɓa.

Ango ya ce, "Ba a bari sai gobe?"

"Jirgi awa doki ne. Sai ya kwana ya saba da wurin."

Da hantsi duk wanda ke iya tafiya ya zo, har daga ƙauyukan hanyar Bankuku. Aka jera buhu uku a tsakiyar gado. Aka miƙa katako, Magagi ya bi ta kai da rarrafe, ya zauna a kan iri ya tanƙwashe ƙafa, ya tattare bakin riga. Kailu ya hau daga ƙarshe, bayan ya zagaya ya gaisa da kowa da hannu kamar mai tafiya Makka.

Magagi ya ce, "Ɗana, zurhin nan zai kai mi?"

Kailu ya leƙa jan ruwan, ya lumshe ido ɗaya. "Mutum ukku a tsaye, da raƙumi bisa. Kada ka miƙa hannu, akwai dorina."

"Dorina? Tabkin da shekaranjiya awaki ke kiwo ciki?"

"Ruwa ke kawo su. Atansiyo, hattara! A kwance!"

Ya busa usur, ya kama igiya, ya ja. Jama'a, abin ya tafi! Wallahi ya tafi. Gadon Haske ya rabu da gaɓa yana lilo a hankali, buhuna a bushe, tsoho a zaune. Mata suka ɗau guɗa, har waɗanda suka kwana ba ruwa. Mutanen tsibiri suka ruga gida suka fito da sungumi. Haske kanta ta saki baki, ta ce wa ta kusa da ita, "Ai dama gadon mai kyau ne."

Da Kailu ya ja kansa ya kai gaɓa, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma guɗa ta shiga kansa. Suna kaiwa tsakiya ya tsaida jirgi, ya saki igiya, ya juya ga Garin Sule ya fara yi wa kansa kirari. Ya ce shi ne Kailu na Haske, kada mai hula, wanda aka yi wa gada don tsoro. Ya ce daga yau a kira shi Sarkin Fito. Ya ce bana Tudun Muna, baɗi har garin Abala, in ruwa bai kai can ba a haƙa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya don a ga ba ya jin jiri.

Magagi ya taɓa masa wando. "Kaftin, waccan gangar ba tamu ba ce?"

Kailu ya waiga. Ganga ɗaya tana tafiya abinta wajen gabas, tsirin fata na binta a baya, ya yi laushi kamar hanjin rago. Gado ya karkata.

Ya ce, "Ni na sallame ta. Ta tahi duba hanya. Matsa nan, Baba."

Suka ja buhuna gefe. Ba su gama ba ta biyu ta zame daga ɗaya kusurwar, ta yi wata 'yar ƙara ta bi yamma.

"Wagga hwa?"

"Hanya biyu ce."

Daga gaɓa Ango ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Sau guda taka laushi."

Kailu ya daka wa igiya wawa, ya ja da ƙarfin tsiya. Jan ne ya ƙarasa kwance ta uku. Gado ya fara rawa, Magagi ya rungume buhuna yana salati, Tabawa na ihu daga can, "Tsoho, riƙe irin! Kai ko ka jiƙa ka bushe!"

Kailu ya ce, murya ta siranta, "Baba Magagi, ka iya iyo?"

"A ina zan koya, cikin rumbu? Kai ne kaftin!"

"Kaftin ba ya iyo. Jirgi ke yi mishi."

Ya dubi ganga ta ƙarshe, ya ga ita ma tana shirin sallama. Sai kaftin ɗinmu, kada mai hula, ya bar fasinja da kaya ya yi tsalle ya rungume ta. Ganga kuwa ba ta son runguma. Ta juya, ta kai shi ƙasa, ta dawo da shi, ta sake kai shi. Hula ta yi nata wuri.

Gado ya nutse. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, mutane suka ɗora hannu a ka, sai kuma ya tsaya cak. Ƙafafunsa huɗu sun taka ƙasa. Shekara bakwai iska na zuba rairayi a tabkin nan, ba wanda ya lissafa da ita. Ruwan ya tsaya yatsa uku a ƙarƙashin ƙarfen gado. Ga Magagi a tsakiyar tabki, zaune a kan buhu uku busassu, kamar mai jiran a kawo masa fura.

Kailu bai ga wannan ba. Yana can yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yana sha yana tofarwa.

"Na mutu! Jama'a ku gahurta min! Ban taɓa tuƙa bak ba! Shara nike! Kashin jakai! Kumandan bai san ni ba! Haske, ni na saida tunkiyarki, ba kura ta ci ba!"

Sai muryar Haske ta ratsa ruwan, a sanyaye.

"Kaftin. Miƙe."

"Dorina ta kama ni!"

"Igiyar guga ce. Miƙe, mu yi maganar tunkiya."

Ya miƙe. Ruwan ya wuce gwiwarsa da kaɗan. Dariyar da aka yi ran nan, wani tsoho sai da aka yi masa fifita. Liman ya cusa rawani a baki. Tabawa ta zauna daɓas a kan rairayi tana bugun ƙasa.

Tambara kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta cire sandarta ta matso bakin ruwa. Kailu ya ganta, ya tuna doka, ya yi maza ya durƙusa har ruwa ya kai masa ƙirji.

"Inna, gwiwa ce! Ƙahwata ba ta taɓa ba!"

"Ka taka da ƙahwa, ka taka da ciki, ka taka da hanci, ka sha rabonsu."

Magagi ya ɗaga tafin ƙafafunsa biyu sama yana nuna wa kowace gaɓa. "Ni dai a duba! A bushe! Amma Tambara, nan zan kwana biyar? Rana na yi, ƙasa na shan iska."

Tambara ta karkata kai wajen ruwa kamar mai sauraron magana daga ɗaki. Da ta ɗago ta ce, "Sun ce ɓarna ta riga ta ɓaru, kuma mutum guda ya yi ta. Ba su son ƙahwa ta biyu. Amma wadda ta shiga, ta shiga. Har ranar yanka, duk abin da zai ƙetare tabkin ga, bisa kan wanga za shi ƙetare."

Kailu ya ce, "Inna, a sake tambayarsu."

"Sun ce ka hwara da iri."

Haka aka yi. Buhu ɗaya, buhu biyu, buhu uku, a ka, Kailu na tafe laka na cire masa ƙafa da ƙyar. Sannan Magagi a wuya, ya riƙe masa kunnuwa biyu yana juya shi dama da hagu, yana cewa a yi a hankali saboda dorina. Kafin azahar sungumi na tashi a Tudun Muna, mata na bin layi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Sannan Kailu ya koma ya kwaso ganguna, ya kwance igiyoyin guga, ya ɗauko gado a ka ya dire gaban Haske, wadda ta ce a wanke shi tukuna, maganar tunkiya kuma sai an shiga gida.

Ya zube a gindin gawo yana haki, ya ce to alhamdulillahi, an gama.

Magagi ya ƙwalo daga can, "Wa ya ce? Gobe kasuwa!"

Kailu ya ɗaga kai. A gaɓar tsibiri an riga an yi layi: Tabawa da turmin da za ta kai gyara, mata biyu masu ciki, makaho da ɗan jagoransa. A wannan gaɓa kuma wani Bawa, mutumin Tudun Muna da ruwa ya tare a hanya, ya matso a hankali yana jan akalar wata macen jaki. Ya yi sallama da ladabi, ya tambayi gajiya, sannan ya ce shi ba ya gaggawa, zai iya jira, amma jakarsa ta bar ɗa a gida yana kuka tun jiya.

Kailu ya dubi jaka. Jaka ta dubi Kailu.

Ya ce, "Inna Tambara, wagga ai dabba ce."

"Ƙahwa huɗu gare ta, ko guda kada ta taɓa."

Bawa ya shafa haƙarƙarinta ya ce, "Kada ka damu, Kaftin, hwari ya rage mata nauyi. Sai dai tana harbi in an taɓa mata ciki."

Tambara ta nuna ƙasa da bakin sanda ta ce, "Duƙa."